Yadda ake fara yoga da zaman natsuwa a gida, ba tare da ka karya ƙugu ko ka taɓa aƙidarka ba

Duk wanda ya taso yana kallon fim ɗin Indiya ya san hoton nan na tsoho mai gemu har cibiya zaune a gindin bishiya ko a bakin kogi, ya naɗe ƙafa ya rufe ido, ko ƙuda ya sauka a hancinsa ba ya motsi. Sai kuma ka shiga TikTok ka ga wata baturiya ta lanƙwashe ta ɗora ƙafa a bayan wuya, ita ma ta ce yoga take yi. To dukansu yoga ne, amma na tsohon nan ya fi kusa da asali, kuma shi ne wanda kowa zai iya farawa gobe da safe ko da rabonsa da ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa tun yana firamare.

Abin na mutanen Indiya ne, ya taso cikin addinin Hindu, 'yan Buddha da 'yan Jain su ma suna da nasu rabon a ciki. Wani malaminsu da ake kira Patanjali shi ya tattara koyarwar a gajerun jimloli wajen 196 a littafin Yoga Sutra, ya ce gaba ɗaya manufar ita ce tsayar da kai-komon da zuciya take yi, ya kuma kasa hanyar gida takwas: abubuwan da za ka bari, abubuwan da za ka lizimta, zaman jiki, sarrafa numfashi, janye gaɓoɓi daga abin da ke waje, tattara hankali wuri ɗaya, dogon zama cikin natsuwa, sai na ƙarshe da suke kira samadhi, wato hankali ya nutse gaba ɗaya cikin abin da aka tattara shi a kai. A duk littafin jimla uku kacal ce ta yi magana kan zaman jiki, kuma abin da aka nema a wurin shi ne zaman ya zama tsayayye kuma mai daɗi, shi ke nan. Yawancin lanƙwashe-lanƙwashen da ake yayi yanzu daga baya suka bunƙasa, musamman a hannun wani malamin yoga mai suna Krishnamacharya da ya koyar a garin Mysore na Indiya a shekarun 1930, almajiransa irin su Iyengar da Pattabhi Jois su ne suka yaɗa abin har Turai da Amurka, har ta kai a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya bayan firayim ministan Indiya Narendra Modi ya kawo shawarar.

Kafin a shimfiɗa tabarma, maganar addini

Na san ita ce tambayar farko, kuma tambaya ce mai kyau. Gaskiya akwai abubuwan ibadar Hindu a cikin yoga, wanda ya ce maka babu ko dai bai sani ba ko yana son ya sayar maka da aji. Akwai furta "Om" da sauran kalmomin da suke maimaitawa, akwai ambaton sunayen allolinsu, akwai jerin motsi 12 da ake kira Surya Namaskar wato gaisuwar rana wanda bisa al'ada ake yi ana fuskantar rana lokacin fitowarta, kuma kai ma ka san wannan lokaci ne da ko nafila aka hana mu yi. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yin yoga saboda irin waɗannan abubuwa, a 2009 majalisar malaman Indonesiya ita kuma ta rarrabe, ta ce wanda aka haɗa da ibada da karanta kalmomin Hindu haramun ne, wanda motsa jiki ne zalla babu laifi. Kuma ba yau Musulmi suka fara leƙa wannan ilimi ba, masanin nan Musulmi Al-Biruni tun ƙarni na 11 ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci don a san abin da mutanen suke cewa. Ni dai abin da zan kawo a ƙasa babu Om, babu gaisuwar rana, babu haɗa hannu a rusuna wa hoton kowa, miƙa jiki ne da numfashi da zama shiru. In duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malaminka ka gaya masa dalla-dalla abin da ake yi, kada ka je ka ce masa "yoga" kawai ka yi shiru.

Mataki na farko: wuri da lokaci

Ba sai ka sayi komai ba. Tabarma da bargo a kai ta isa, ko kafet, muhimmin abu kada ta riƙa zamewa a kan tayil, kuma kada ka yi a kan katifa don laushinta zai sa bayanka ya lotsa. Filo ɗaya mai ɗan tauri, wando mai sakewa, 'yar shara. Mata ku samu ɗaki ku turo ƙofa, doguwar riga mara nauyi da wando a ciki ya wadatar. Ciki ya zama babu nauyi, in ka ci tuwo ka jira awa biyu zuwa uku, shi ya sa bayan asuba ya fi kowane lokaci, gari shiru, yara ba su tashi ba, zafi bai sauko ba. Waya a sa ta shiru a kifa ta, alam kawai za ka saita. Duka abin a makon farko kamar minti 20 ne.

Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, mai matsalar ƙashin baya da mai juna biyu, a fara jin ta bakin likita.

Mataki na biyu: warware jiki, kamar minti takwas

Amfanin wannan ɓangare shi ne in ka zo zama kada baya da gwiwa su dame ka. Ƙa'ida ɗaya ce, ka ji jijiya tana miƙewa babu laifi, amma ka ji wani abu ya soke ka a gaɓa to ka dakata nan take, kuma duk motsin da ya sa ka riƙe numfashi kana cije baki ka wuce gona da iri, ka rage.

Ka fara da durƙuso a kan gwiwa da tafin hannu, hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa daidai ƙarƙashin ƙugu. In ka shaƙi iska ka saki ciki ya yi ƙasa ka ɗaga ƙirji da kai, in ka fitar ka turo tsakiyar baya sama ka sunkuyar da kai har haɓa ta kusa taɓa ƙirji. Sau takwas a hankali, numfashin ne ke jan motsin ba motsin ke jan numfashi ba. Wannan shi ake kira mage da saniya.

Daga nan ka ja ɗuwawu baya ka zauna a kan dunduniya, goshi a ƙasa, hannu a miƙe gaba, ka yi numfashi biyar kana jin bayanka yana buɗewa. Sunansa Balasana, kuma duk lokacin da ka gaji a tsakiyar aiki nan za ka dawo ka huta. In ɗuwawu ba ya kai dunduniya ka cusa filo a tsakani.

Sai ka kwanta rub da ciki, tafin hannu a gefen ƙirji, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka ɗaga ƙirji kaɗan da ƙarfin baya ba da turin hannu ba, cibiya tana nan a ƙasa, kafaɗa nesa da kunne. Numfashi uku ka sauka, ka maimaita sau uku. Wannan Bhujangasana ne, masu yini a kan kujerar ofis ko a kan keken ɗinki su za su fi jin daɗinsa, mai ciki kuma ba ta yin sa sam.

Akwai wanda ake dafa ƙasa da hannu da ƙafa a ɗaga ƙugu sama jiki ya yi kusurwa, Adho Mukha Svanasana, in za ka yi ka ɗan lanƙwasa gwiwa ka bar dunduniya ta ɗaga, miƙewar baya ake nema ba taɓa ƙasa da dunduniya ba. Mai hawan jini ko hawan jinin ido ya tsallake wannan tunda kai yana komawa ƙasa da zuciya.

Na ƙarshe ka miƙe tsaye kusa da bango, ka ɗora tafin ƙafar dama a cikin sangalin hagu ko a cinya, ban da kan gwiwa, ka kafa ido a wani tabo a bango da ba ya motsi, numfashi biyar, ka canza ƙafa. Za ka yi tangal-tangal, ka dafa bango ba abin kunya ba ne. Ka lura da wani abu a nan, da zarar tunaninka ya tafi wani wuri ƙafar za ta fara rawa, wato tun a nan ka fara aikin da za ka yi a zaune.

Mataki na uku: zama

Ka manta da zaman nan da ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya, mutane da yawa sun ɓata gwiwarsu a kansa a banza. Ka naɗe ƙafa irin zaman cin abinci, amma ka zauna a bakin filo yadda ƙugu zai fi gwiwa tsawo kaɗan, wannan ɗan tudun shi ne sirrin, shi ke sa baya ya miƙe da kansa ba sai ka riƙa ƙanƙame shi ba. In gwiwa tana rataye a iska ka tokare ta da zani a naɗe. Wanda ya saba da zaman tahiya zai iya zama a kan dunduniya da filo a tsakanin ƙafafu, dattijo ko mai ciwon gwiwa kuma kujera ta ishe shi, tafin ƙafa duka a ƙasa, baya bai jingina ba. Hannu a kan cinya, kafaɗa a sake, haɓa ta ɗan yi ƙasa, haƙora kada su haɗu. Ido ko a rufe, ko in rufewa na kawo maka barci ka bar shi rabi kana kallon ƙasa ɗan gaba da kai.

Mataki na huɗu: numfashi, minti huɗu

Ka ɗora hannu ɗaya a ciki ɗaya a ƙirji ka ga wanne ke motsi. Yawancinmu ƙirji ne, gajeren numfashi na mai sauri. So ake in ka shaƙa ta hanci cikin ya taso ya ture hannunka, in ka fitar ya koma. Ka shaƙa kana ƙirga huɗu, ka fitar kana ƙirga shida, in shida ta yi maka yawa ka yi uku da huɗu. Dalilin tsawaita fitarwar shi ne bugun zuciya yana ɗan raguwa a duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi, ɓangaren jijiyoyin da ke kwantar da jiki shi ke karɓar aiki a lokacin, ka sa yatsa a wuyan hannunka ka gwada za ka iya jin bambancin. Ka yi sau goma.

Sai wanda suke kira Nadi Shodhana. Da babban yatsan dama ka toshe hancin dama ka shaƙa ta hagu, sai ka toshe hagu da yatsan zobe ka saki dama ka fitar, ka shaƙa ta daman, ka toshe ta, ka fitar ta hagu. Wannan zagaye ɗaya ke nan, ka yi biyar. Su a koyarwarsu suna cewa yana tsarkake hanyoyin da ƙarfin rai ke bi a jiki, ni abin da na tabbatar shi ne yana da ɗan rikitarwa daidai yadda dole hankali ya tsaya a kansa, kuma wannan kaɗai ya isa dalili. In mura ta toshe maka hanci lokacin hunturu ka bar shi. Riƙe numfashi na dogon lokaci da wannan na fesar da iska da ƙarfi-ƙarfi da ake kira Kapalabhati, kada ka koye su daga bidiyo, suna kawo jiri, kuma ba su dace da mai hawan jini ko mai ciki ba.

Mataki na biyar: zaman natsuwar kansa

Duk abin da ya gabata share fage ne. Yanzu ka daina sarrafa numfashi, ka bar shi ya shiga ya fita yadda ya ga dama, aikinka kallo ne kawai. Ka zaɓi wuri ɗaya, ko bakin hanci inda iska ke shiga da ɗan sanyi ta fito da ɗumi, ko tashi da saukar ciki, kuma in ka zaɓa ka tsaya a kansa har ƙarshen zaman, ban da yawo. Duk fitar numfashi ka ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, har goma, sai ka koma ɗaya. Wannan ƙirgar 'yan Buddha na Zen a Japan suna koya wa sababbin shiga ita, masu Vipassana kuma, wani salon zaman natsuwa da ya fito daga 'yan Buddha, irin na malaminsu S. N. Goenka da ke yin zaman kwana 10 ba magana su ba sa ƙirgawa, kallon iskar kawai suke yi a bakin hanci.

Ga abin da zai faru, kuma in gaya maka tun yanzu don kada ka ce ka kasa. Za ka kai uku ko huɗu, sai ka farga kana lissafin kuɗin makarantar yara, daga nan ka tuna wata magana da wani ya yaɓa maka a wurin ɗaurin aure shekara biyu da suka wuce, ka shirya amsar da ya kamata a ce ka ba shi, ka ba shi ita har da ƙari, kafin ka ankara kana ƙirga goma sha bakwai ko ma ka manta da ƙirgar gaba ɗaya. To wannan lokacin da ka farga ɗin, shi ne aikin. Ba a ce ka hana tunani zuwa ba, babu mai iya wannan, cewa aka yi in ka gane ka tafi ka dawo. Kamar akuyar da ta tsinke ce, kamo ta za ka yi ka mayar turke ba tare da duka ba, anjima ta sake tsinkewa ka sake kamowa. Ka ce a ranka "tunani", ka koma ɗaya. In ka yi haka sau talatin cikin minti biyar to zaman ya yi kyau, wanda ya zauna yana zagin kansa don ya kasa kai goma shi ne ya yi asarar lokacinsa, don ya ƙara wani sabon tunani a kan na da.

Ƙaiƙayi zai taso a wurin da bai taɓa yi maka ƙaiƙayi ba. Ka ba shi numfashi uku kana kallonsa, sau da yawa yana wucewa da kansa, in bai wuce ba ka sosa a hankali ka dawo, sauro kam ka kore shi. Ƙarar janareton maƙwabta ko kukan zakara kada ka yi faɗa da su, ka ji su ka koma hanci. In ƙafa ta yi sanyi ta mutu ka gyara zama.

Makon farko minti biyar ya isa, wallahi ya isa, ka ƙara biyu-biyu duk mako har ka kai goma sha biyar ko ashirin. Patanjali da kansa sharaɗin da ya kafa wa wannan aiki shi ne a daɗe ana yi, ba yankewa, kuma da himma, saboda haka biyar kullum ta fi awa guda ranar Lahadi nesa ba kusa ba. Likitoci ma sun ɗauki wannan ɓangare sun cire masa rigar addini, tun 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri a jami'ar Massachusetts ta Amurka don masu fama da ciwo mai daɗewa da damuwa, kuma har yau ana amfani da tsarin a asibitoci.

Wasu za su ce to me zai hana in yi zikiri a maimakon ƙirga. Ni ina ganin gara a bar kowanne a muhallinsa, azkar ɗinka na safe ka yi su yadda aka koya maka, wannan kuma horon hankali ne, in ya kama za ka ga amfaninsa har a cikin sallar don ka saba gane lokacin da zuciya ta sulale.

Mataki na shida: kwanciya

Ka kwanta rigingine, ƙafa a ware kaɗan, tafin hannu yana kallon sama, filo a ƙarƙashin gwiwa in baya na ciwo. Ka bi jikinka daga yatsun ƙafa zuwa goshi kana sakin kowane wuri, musamman muƙamuƙi da tsakanin gira. Minti uku. Shavasana ke nan. In za ka tashi ka juya gefe tukuna ka dafa ƙasa, kada ka zabura. Mai tsohon ciki ta kwanta a gefen hagu.

Abin da ake yi bayan an naɗe tabarma

Ka tuna gida takwas ɗin nan, biyun farko ba a kan tabarma ake yin su ba kuma su aka sa a gaba. Biyar na bari: cutarwa, ƙarya, sata, sakin sha'awa, da tara abin da ba ka buƙata. Biyar na riƙo: tsafta, wadatar zuci, juriya, nazarin kai, da miƙa wuya ga abin bauta, wanda a nan kowa da inda ya dosa. Babu baƙon abu a ciki ga wanda ya yi islamiyya, amma abin lura shi ne su ma masu abin ba su yarda mutum ya ƙware a tsayuwa da ka yana cin amanar abokin kasuwancinsa ba. Yadda za ka yi aiki da shi, ka ɗauki ɗaya tak na tsawon wata guda, misali gaskiya, kullum da dare kafin ka kwanta ka ɗauki biro ka rubuta layi biyu, ina na faɗi abin da ba haka ba yau, kuma me nake tsoro da ya sa na faɗa. Za ka sha mamakin yawan "ina hanya" da kake cewa alhali ko wanka ba ka yi ba. Da rana kuma in wani ya ɓata maka rai, kafin ka buɗe baki ko ka danna amsa a WhatsApp, numfashi uku irin na huɗu da shida ɗin nan.

In barci ke kwashe ka duk zama, ka buɗe ido ko ka yi a tsaye, in kuma ya ci gaba to bashin barci ne a kanka, ka je ka biya. In ka tsallake kwana biyu ba a ramuwa, ka zauna na yau kawai. In kuwa zaman shirun yana tayar maka da tsoro, ƙirji na bugawa, ko yana dawo maka da wani mummunan abu da ya taɓa faruwa da kai, ka buɗe ido ka tashi ka taka ƙasa, ka tsaya iya motsa jikin da numfashin, ka kuma nemi likitan ƙwaƙwalwa ka yi masa bayani, yoga ba ta maye gurbin magani, kada wani ya ce ka ajiye ƙwayar hawan jininka ko ta suga don ka fara zama a tabarma. Wajen zaɓen bidiyo a YouTube ka nemi na masu farawa wanda malamin ke nuna sauƙaƙƙen salo na kowane motsi, ka kalle shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe kafin ka bi, ta haka za ka san inda suke karanta kalmominsu ka wuce wurin.